Wasan Kano da Zazzau a Zauren Masana

Tun daga Birmingham har Manchester, Dakta Maikano bai daina tsaki a jirgin ƙasa ba. Mutum da digiri uku, a ce sai an bi shi har gida an koya masa magana! Haba!

Raki, ɗalibar da Maikano ya riƙe kamar ƙanwa a unguwar Edgbaston ta Birmingham, ta yi shekara biyu tana zama a lab, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, tana nazarin yadda masana kimiyya ke aiki, yadda suke gardama kafin su yarda sakamako ya tabbata. Ta fitar da maƙala. Sai Dakta Sunusi, wani masanin sinadarai da ke Manchester, ya hau zauren imel na masana, inda Turawa suka fi yawa, ya rubuta da Turanci cewa ƙirƙiro hirarrakinta ta yi, kuma dama halin mutanen garinsu ne. Ranar Litinin za a yi mata intabiyu na aikin koyarwa, ga shi shugaban sashe ya riga ya ce ta kawo kaset-kaset ɗinta a bincika.

Maikano ya tarar da Sunusi a gidansa a unguwar Old Trafford, yana kurɓar shayi hankali kwance.

"Yaya, kai ma ka ɗauki zafi?" in ji Sunusi yana dariya. "Bazazzagiya ce fa, ni Bakano. Wasa ne tun kaka da kakanni."

"Wasa? Baturen da zai ɗauke ta aiki, kakansa Bakano ne ko Bazazzagi?"

"Ni dai ban yarda da fannin nan nasu ba. Surutu ne kawai."

"To kada ka yarda! Ni ma rabin maƙalar ba ta gamsar da ni ba, kuma na faɗa mata a gabanta. Kawo hujja ka yi wa maƙalar kaca-kaca, wallahi ni zan fara tafa maka. Amma tsakaninka da Allah, ka karanta ta?"

Sunusi ya sosa ƙeya. Ashe shafin farko kawai ya duba. Takaici ya kama Maikano.

"Shi ke nan," in ji Sunusi, "bari in kira ta in ba ta haƙuri."

"Ka zubar mata da mutunci a kasuwa, sannan ka ja ta lungu ka ba ta haƙuri? Kunya za ta sa ta ce ta yafe, kai ka yi barcinka, ita ta rasa aiki. Kunna kwamfutar nan."

Sunusi ya kunna, ya zura wa allon ido. "To yaya zan yi wa Bature bayanin wasan Kano da Zazzau?"

"Ba wani bayani. Rubuta cewa ba ka karanta ba, kuma ba ka da hujja ko ɗaya."

"Yaya, mutum ɗari huɗu ne fa a zauren nan. Sunana zai ɓaci."

"Ɗari huɗu ne," in ji Maikano, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. "Ita ma ta san yawansu. Rubuta."