Rijiyar Kawu

Hantsi bai gama dubawa ba, ruwan da ya kwana yana zuba ya koma yayyafi. Jami'ar lafiya ta sauko daga mota a bakin layi, ta tattare zanenta saboda taɓo, ta nufi gidan kawunta.

Amai da gudawa sun kwantar da mutane a unguwar, gwajin da ofishinsu ya yi kuma ya nuna daga rijiyar ƙofar gidansa cutar take fitowa. Dole a rufe ta kafin a sake jefa guga. Shugabansu ya so tura wani, ta ce a bar mata, ita ta san kan tsohon.

Ta same shi a kan benci, mata sun jera bokitai suna jira ya fito da guga.

"Kawu, ina kwana?"

"Lafiya lau, likitar gidanmu. Yau da safar hannu ake gaishe mu?"

"Rijiyar nan na zo rufewa."

"Wacce? Wadda kika sha har kika yi wannan kumatun?"

Matan suka kwashe da dariya, ita ma ta yi.

"Ita kuwa. Amma lokacin masan maƙwabta bai fashe ya tsiyayo cikinta ba."

Kawu ya tsuke fuska. "Ruwa garau kamar madubi! To ki rufe. Waɗannan fa, ki ce musu su sha iska?"

Wannan tambayar dama take jira. A ofishinsu ba a rufe wa mutane ruwa sai an zo musu da wani a hannu. Ta ɗaga waya ta ce da direban tankar ruwa ya matso.

"Tanka ba ta shiga layin nan," in ji Kawu. "Ko kurar ruwa sai an karkata ta."

"Mun sani, Kawu. Tun kafin damina muka bi layukan nan da ƙafa."

Sai ga ma'aikata sun ɓullo suna jan tiyo, suna haɗa wani da wani daga bakin titi har tsakiyar layin. Ruwa ya yi tari sau biyu, sannan ya ɓarke. Wata mata ta tara hannu ta sansana, ta yamutsa fuska.

"Wari yake, na magani!"

"Warin nan shi ne lafiyarki, Yaya."

Matan suka tsaya kallon juna. Wata tsohuwa, wadda jikanta ke kwance ana ƙara masa ruwa, ta ɗauki bokitinta ta tara. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har bakin rijiya ya zama ba kowa sai Kawu.

Ya dubi rijiyar. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Cike min ita za ku yi da ƙasa?"

"Wa ya isa? Za a gyara masan, mu wanke ta, mu sake gwadawa. Ta yi kyau, kai za ka fara jefa guga."

Ya miƙe ya ja murfin ƙarfen da kansa, ta sa kwaɗo ta kulle.

Ta juya tana nuna wa matan yadda za su rufe bokitai. A bayanta, mahaɗar tiyo ta fara zamewa cikin kwata. Kawu ya ɗauko bulo, ya ɗaga ta ya ɗora a kai, ya goge hannu a rigarsa. Babu wanda ya waiwaya.