Almakashin Haladu

A hatsarin da ya kashe mijina Haladu ne hannuna na dama ya karye. Muna dawowa daga Farin Gada, motar tumatir ta ƙwace ta yi kanmu. Shi ko asibiti bai kai ba. Ni aka sa min siminti a hannu, sati shida. Da aka cire, yatsuna suka ƙi miƙewa, sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Biyu ma ba na jin su.

Haladu tela ne a unguwar Congo-Russia da ke Jos, shi ya koya min yanka da ɗinki. Wansa, Yaya Mahdi, ya ce idan na fita takaba za a kai keken ɗinkin wajen mai iya amfani da shi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Na ce ya bari ranar ta zo.

A sashen gashin ƙashi wata ma'aikaciya, Theodora, ta nuna min abin yi. In tsoma hannun a ruwan ɗumi, in dinga matsa soso a ciki, sau uku a rana. Ta ce ruwa yana sassauta jijiya.

Maƙwabciyata Iya Maimunatu ta raina wannan ruwa. Ta ce ita da ta shekara talatin tana yi wa masu jego wanka, yarinyar asibiti ba za ta koya mata ruwan zafi ba. Ta tafasa tukunya da ganyen darbejiya, ta ɗan sirka, ta danna hannuna ciki. Na daure, tunda haka aka yi min a haihuwar 'yata Salma. Washegari yatsun nan biyu suka tashi da bororo.

Theodora ta daɗe tana kallon hannun.

"Maman Salma, yatsun nan ko sun dahu ba za su gaya miki ba. Kafin ki tsoma, ki taɓa ruwan da gwiwar hannun hagu."

Sati uku na rasa ina jinyar ƙuna. Iya ta yi kuka, daga nan ita ta koma mai taɓa ruwan, tana mita wai ba zafi, ko jariri ya fi ƙarfinsa. Sanyin Jos ba ya barin ruwa ya daɗe, sai na ajiye buta a kan gawayi ina ƙarawa. Na bar soso na koma matsa lemon tsami. Wani lokaci ina matsawa ina hawaye, amma ban taɓa tsallake rana ba.

Ranar fita takaba Yaya Mahdi ya zo da mota. Na ce ya zauna. Na fitar da hannuna daga robar ruwan ɗumi, na goge, na ɗauko shaddar da Haladu ya ja wa alli bai yanka ba. Almakashin ya yi min nauyi. Na bi layin allinsa har ƙarshe.

Yaya Mahdi ya ɗaga yadin ya duba.

"Rabi, kin karkace a wajen hammata."

"Na gani, Yaya. Zan gyara."

Ya fita ya sallami mai mota. Ni kuma na ce wa Iya ta ƙara ruwa, sau ukun yau bai cika ba.