Ranar da Marka Ta Kira Sunan Ɗanta

A shekarar da aka rufe gidajen silima a Kano, Sauda ta dawo Kabo da difloma a jaka, babu aiki, sai kyamarar aro. Ta rantse ba za ta yi fim irin na kowa ba, na rawa da waƙa cikin lambu. Mutanen ƙauyen Durun ta ɗauka yadda Allah ya yi su: wanzamin da ke yi wa jakinsa aski ranar sallah, mai shayin da ba ya sayar wa wanda ya riga shi gaisuwa, da Marka mai nono, wadda ke faɗa da shanunta kamar surukai.

Kaset ɗaya tak gare ta. 'Yan kasuwar fim a birni suka kalli kaɗan suka turo mata abinta.

"Ina waƙar? Wa zai sayi tsohuwa da saniya?"

Mai kyamara ya karɓe kayansa. A gida kuwa, mahaifinta ya koma amsa gaisuwarta da ka. Ƙofa ɗaya ta rage: Hajiya Yelwa, wata malamar makaranta a Gwarzo, ta yarda a nuna wa mata zalla fim ɗin a tsakar gidanta ranar Asabar. In matan suka so shi, ƙaninta mai buga kaset zai yaɗa shi.

Amma akwai wani wuri a fim ɗin. Wata rana a garke Sauda ta manta kyamara a kunne. Marka, da zaton babu mai ji, ta jingina goshinta a wuyan saniya tana cewa, "Hammadu. Hammaduna, ka ci abinci kuwa?" Hammadu ɗanta ne na fari, wanda matsin rayuwa ya kora Ikko. A danginsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ko kallonsa a gaban mutane. Ya girma, ya tafi, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sauda ta san nan ne ran fim ɗin. Ta nuna wa wata ƙawarta, kafin Juma'a zance ya isa Durun.

Datti, ƙanin Marka, ya sami Sauda a zaure.

"'Yar boko, ki goge wurin nan. In ba haka ba mu kai ƙara, mu ce kina ɗaukar matan mutane a ɓoye. Kin dai san lokacin da ake ciki."

"Kawu, ban saci komai ba," in ji Sauda. "Ba zan goge ba."

Ta ɗaura kaset ɗin a ƙugu ƙarƙashin hijabi, ta kama hanyar Durun a ƙafa. Ta tarar da Marka tana kaɗa nono. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi shanu, tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Inna, ki ji ƙaina. In na cire wurin nan, abin da zai rage abin dariya ne kawai. Ba ni da wani abu a duniya sai shi."

"Kin tuɓe ni, yanzu kuma za ki kai ni kasuwa," in ji Marka. "Matan Gwarzo ne za su ji abin da ko mijina bai taɓa ji ba?"

"Ba za su yi miki dariya ba, wallahi."

"Kukansu ma ba na so."

Sauda ta durƙusa ta riƙe ƙafarta. Marka ta ci gaba da kaɗa nono har mai ya fara tasowa. Can ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Abin nan naki, in an kai shi can kudu, zai yi magana?"

"Zai yi."

"To, wancan yaron kaɗai. Shi ya ji. Ban yafe wa kowane kunne ba."

"Inna, guda ɗaya ne. In ya tafi, ya tafi ke nan."

"Ni ma guda ɗaya ne nawa."

Sauda ta miƙe ta kama hanya. Duk hanyar komawa tana lissafin yadda za ta fara kai shi wajen ƙanin Hajiya a buga mata wani a ɓoye. Amma mai bugawa sai ya kalla, kuma shi ma kunne ne.

Ranar Asabar ta isa tashar Gwarzo. Maikuɗi direba, mai kai shanu Ikko, ya san masaukin Hammadu. Ta miƙa masa kaset ɗin naɗe cikin ɗankwali, yatsunta suka ƙi saki har sai da ya ja.

"Malama, zinariya ce a ciki?"

"Hannunsa za ka sa. Kada ka kunna."

Ta tsaya har motar ta ɓace. Daga nesa tana jin janaretan Hajiya Yelwa ya tashi, mata suna ta shiga da tabarmi. Ta goge fuskarta da gefen hijabi, ta miƙe wuya, ta nufi gidan don ta gaya musu da bakinta cewa babu fim.