Bencin Baya

Benci ɗaya tak ya rage cikin waɗanda aka fara sujada a kansu, yana can sito ƙarƙashin karyayyun kujerun roba da fasassun ganguna. Sauran duk zama ya cinye su. Shi kuwa ko ƙusa ɗaya bai saki ba, don ba benci ne da ake rububin zama a kansa ba.

Ƙaramin Fasto bai san wannan ba. Sabon zuwa ne a garin, ga bikin cikar ikilisiya shekara arba'in ya gabato, an ɗora masa tsara shi. Cikin waɗanda suka kafa ta, mutum biyu suka rage da rai: Baba Fasto, da ya yi ritaya yana zaune gidan ɗansa a birni, da Matar Kafinta, wadda har yau haka ake kiranta ko da yake Kafinta ya daɗe a ƙasa. Ƙaramin Fasto ya same ta a gida tana ninke wanki.

"Mama, ke ce tarihinmu. Ranar biki ke za ki tsaya ki ba da shi. Ina kuma neman wani abu na farkon ikilisiya da za mu nuna wa matasa."

Ta haɗa bakin zanen da ke hannunta.

"Baba Fasto zai zo?"

"Ai shi ne babban baƙo, Mama."

"To, akwai benci a sito, maigidana ya yi shi da hannunsa. A goge shi, a kai gaba, a zaunar da Baba a kai. Ban san wanda ya fi shi cancanta ba."

Ƙaramin Fasto ya yi ta godiya har da rusunawa. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai ko a ransa bai kawo ya tambayi abin da ya sa bencin bai tsufa ba.

Tarihin da ake bayarwa kowace shekara gajere ne, kuma a wanke yake tas. Babbar ikilisiya ta so ta ɗauke wani matashin mai wa'azi, wato Baba Fasto na yau, ta tura shi wani gari, wasu gidaje suka ce ba su yarda ba, suka fice tare da shi, suka tsaya da ƙafarsu ba sa jiran umarnin kowa. Daga nan sai a yi tsalle a dira kan ginin majami'a. Ba a faɗin cewa a rumfar Kafinta aka yi sujadar farko, mata suna kakkaɓe garin katako daga zannuwansu bayan addu'a. Ba a faɗin cewa shi ya buga kowane benci, shi ya ɗora rufin da har yau bai yi yoyo ba.

A zafin rabuwar nan Fasto ya kafa doka cewa wanda ya fito ya fito, ƙafarsa ba za ta sake taka babbar majami'a ba. Duk wanda ya karya doka, bencin baya ne wurinsa, can bakin ƙofa, shi kaɗai. Ba a miƙa masa Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, ba a ba shi hannu. Ba ya rabuwa da bencin sai ranar da ya miƙe gaban jama'a ya ce, "'Yan'uwa, ina da magana," ya faɗi laifinsa da bakinsa.

Sai yayan Kafinta ya rasu, shi kuwa ɗan babbar ikilisiya ne, bai fice ba. Kafinta ya haɗa masa akwati, ya sa kafaɗa aka ɗauke shi har cikin majami'ar da aka hana shiga. Lahadi na zagayowa, Fasto ya nuna masa bencin baya da yatsa daga kan mumbari.

"Zama kam zan zauna," in ji Kafinta ga matarsa, "amma bakina ba zai iya cewa binne ɗan'uwana zunubi ne ba."

Ya kuwa zauna, shekara da shekaru, bai taɓa fashin sujada ba. Ita tana gaba tana ba sauran mata waƙa, tana jiyo tarinsa daga baya. 'Ya'yansu suka tashi suna kallon tiren jibi yana wuce ubansu. Da ya mutu, Fasto ya ce ba a yi wa wanda ke ƙarƙashin horo sujadar jana'iza, maƙwabta suka binne shi. Ba a jima ba Fasto ya shirya da babbar ikilisiya, a can ma aka ɗaura auren 'yarsa, ya shiga da sabuwar kwat yana gaisawa da kowa. Dokar ta mutu shiru, aka tura bencin sito, sunan Kafinta kuwa ba wanda ya wanke. Matarsa ba ta yafe ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta yafe ba. Zuwa coci dai ba ta daina ba, don rufin na mijinta ne.

Da safiyar biki, Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta shiga majami'a ta hangi bencin a gaba yana ƙyalli. Ta riƙo hannun uwar.

"Mama, wannan ba bencin Babanmu ba ne?"

"Shi ne."

"Me kika shirya?"

"Zama kawai Baba Fasto zai yi. Zama na kashe mutum ne?"

"Ni dai abu ɗaya nake so," in ji Auta, "a ce a ɗakin nan, ko sau ɗaya, Babanmu bai yi laifi ba. Kin kuma san in ba daga bakin da ya zaunar da shi ba, ba wanda zai ɗauka."

Aka shigo da Baba Fasto da tafi, sanda a hannu ɗaya, ɗansa riƙe da ɗayan. Ya rame ƙwarai. Yana isa gaba ya ja ya tsaya. Man da aka shafa bai ɓoye gefen da zaman Kafinta ya silalar ba.

"Babu wata kujera?" ya tambaya a hankali.

"Wannan na musamman ne, Baba," in ji Ƙaramin Fasto da fara'arsa. "Mama ce ta zaɓa maka."

Tsohon ya nemo ta da ido cikin layin mata. Ta gaishe shi da kai, irin gaisuwar ladabi. Ya zauna.

Ta ba da tarihi a tsanake, ba ta rage komai daga wankakken labarin da aka saba ba, ba ta kuma ƙara ba. Sai dai kowace gaɓa ta kai sai ta juya ta ce, "Ko ba haka aka yi ba, Baba?" shi kuma ya gyaɗa kai, jama'a su yi tafi. Da aka zo jibi, tire ya tsaya gabansa, hannuwansa na kan sanda bai ɗaga su ba. Dattijon da ke rabawa ya ɗauka rawar hannu ce ta tsufa, ya yi nufin taimaka masa. Baba ya girgiza kai, tire ya wuce. Dokarsa ce, bai manta ta ba. Daɗin da ya ratsa Matar Kafinta a lokacin, rabonta da irinsa tun mijinta na da rai.

Ana shirin addu'ar rufewa, tsohon ya dafa sanda ya miƙe ba tare da kowa ya kama shi ba. Muryarsa ta dishe, amma ta kai layin mata.

"'Yan'uwa, ina da magana."

Auta ta damƙe hannun uwarta. Matasa suna jiran a sa musu albarka.

Matar Kafinta ta dubi tsohon. Mijinta ya tsufa a kan katakon nan, wannan kuwa ko sujada ɗaya bai cika a kai ba, har yana neman tashi. Zai faɗi 'yan kalmomi, a share hawaye, a rungume shi, ya koma birni ya mutu da zuciya sakayau. Abin ya yi masa araha.

Ta zare hannunta, ta ɗaga murya ta ba da waƙar yabo, da ƙarfin da ba a san ya rage mata ba. Mata suka amsa, don ba a taɓa barin waƙarta ta faɗi ƙasa ba. Ganguna suka shiga, majami'a ta miƙe baki ɗaya. Leɓunan Baba Fasto suna ta motsi, ba mai ji. Da waƙar ta zo ƙarshe ta sake ɗauko ta daga farko, har tsayuwa ta gagare shi, ɗansa ya zaunar da shi.

A bakin mota ɗan ya yi wa kowa godiya, ya ce likita ma da ƙyar ya bari aka zo da shi, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Auta ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta juyo.

"Sunan Babanmu zai wanke, Mama. Na ga bakinsa."

"Na sani."

Auta ta gyara jakarta ta nufi gida, ba ta jira ta ba.

Masu shara suna kwashe kujeru suka tambayi Matar Kafinta ko a mayar da bencin sito. Ta ce a'a, su ajiye shi can baya, bakin ƙofa, ai nan ne wurinsa. Da suka fita ta tafi ta zauna a gefen da ya sile. Daga nan ana ganin majami'ar gaba ɗaya, har da wurin da take tsayawa ta ba da waƙa.