Sunan da Sodangi Ya Raɗa Mini

Ƙanena Sodangi yana da shekara huɗu sanƙarau ya kwantar da shi. Da ya tashi, kunnuwansa sun rufe, maganar da ya fara koya ma ta gushe. Muna yara a Tsamaye ni ne mai ɗaukarsa a kafaɗa in ƙetare gulbi da shi idan ruwa ya kawo. Amma da na girma na yi aure, sai na fara jin kunyar yadda yake magana da hannu. Wata rana a gaban surukaina ya ɗaga hannu zai gaya mini wani abu, na doke hannun. Tun daga ranar bai sake yi mini magana ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin biyayya.

A shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, gero ya bushe tun bai fitar da kai ba. Rumbunmu ya kusa ƙarewa, bakuna tara a gidan. Na ƙulla wa Sodangi rigunansa biyu a ƙunshi, na fita da shi ƙofar gida, na nuna masa hanyar garin Isa. Ya dube ni, ya dubi hanyar, ya tafi.

Bayan wata uku mahaifiyarmu Mairama ta daina cin abinci. Ta ce da ni, “Wada, ba ni sa komi a bakina sai na ga yarona.” Na san halinta, ba ta faɗa ta janye. Na ce, “Inna, gobe za ni biɗo shi.”

Washegari, ranar kasuwar Isa, na bi rumfa rumfa ina tambayar wani kurma mai suna Sodangi. Babu wanda ya san sunan. Da azahar wata mai awo ta ce in je rumfar Jibrilla baduku, wanda kuramen yankin suka ɗauka a matsayin sarkinsu, domin duk kurman da ya shigo garin can yake sauka.

Na tarar da maza wajen bakwai zaune kan buzu, hannuwa na ta kai da komo, ana dariya. Matar Jibrilla, Fatsuma, tana jin magana, ita ce ke fassara masa. Ta dube ni ta ce, “Baƙo, wa kaka biɗa?”

“Ƙanena, Sodangi.”

“Wannan sunan naku ne, ku masu kunne. Shi ya taɓa jin shi? Nan kowa da sunansa na hannu. Nuna muna nashi.”

Na tsaya hannuwana a sake. Shekara ashirin muna cin tuwo a akushi ɗaya, ban taɓa sanin yana da wani suna ba.

Ta ce, “Ciki ɗaya kuka fito kuwa, ko a mota kuka haɗu?”

Ta juya ta gaya musu, suka dube ni babu mai dariya. Na shiga kwatanta shi, dogo, baƙi, da zanen Gobir a fuska. Fatsuma ta ce rabin kasuwar nan haka suke. Ina cikin kwatancen ne Jibrilla ya ajiye basillarsa, ya kama hannuna na hagu. Kan ɗan yatsana a gutsure yake, lauje ya cire shi tun ina yaro. Ya ɗaga hannun ya nuna wa sauran, sannan ya dafa kafaɗunsa biyu da tafukansa, sau biyu. Ɗaya bayan ɗaya duk suka yi haka suna nuna ni.

Na tambayi Fatsuma ko sunan ƙanena ke nan.

“A’a, malam, naka ne. Ƙanenka ya ba su labarin wansa mai guntun yatsa. Haka yake kiran ka, wanda ke ɗaukar shi a kafaɗa.”

Da an tambaye ni da wace alama zai ambace ni, da na ce da dukan hannu, ko da yatsan da ya nuna masa hanya. Na zauna a ƙasa.

Jibrilla ya bayyana, Fatsuma tana fassarawa, cewa Sodangi ya iso musu da yunwa, suka ciyar da shi sati biyu daga ɗan abin da ke hannunsu. Daga nan suka haɗa shi da wasu kurame biyu masu haƙar rijiya a Bafarawa, domin a shekarar kowa na neman a zurfafa masa rijiya. Kafin in tashi Jibrilla ya kama hannuna ya koya mini sunan ƙanena, yatsa ɗaya a kan kumatun dama, inda yake lotsawa idan ya yi murmushi. Ya sa na maimaita har sai da ya gamsu.

Washegari da hantsi na same su a bakin wata rijiya. Aka girgiza igiya, aka jawo Sodangi sama, jikinsa duk laka. Da ya gan ni ya tsaya cik. Na ɗaga yatsana na ɗora a kumatuna na dama. Ya daɗe yana kallon hannun nan, sannan ya dafa kafaɗunsa.

Da la’asar muka isa Tsamaye, yana ɗauke da tiya biyu ta gero da ya tara. Inna ta shafa kansa, ta ce a dama mata kunu. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya.

Daga baya, da aka fara kai kuramen yankinmu makaranta a Sakkwato, ni na riƙa raka iyaye ina yi musu fassara, da maganar da mutanen rumfar nan suka koya mini ranakun kasuwa. Jibrilla da Fatsuma sun rasu, Allah ya ji ƙan su. Ba na gama salla ban ambace su ba, kuma shi Jibrilla da sunansa na hannu nake ambatonsa, kamar mai soka basilla a fata.