Bakwai da Casa'in da Biyar

Sirajo ya tura disket ɗin, faifan ajiye rubutu, cikin kwamfutar Riskuwa mai shago, ya zauna yana jira. Shagon buga takardun da ya samu a buɗe ke nan a Argungu ranar Asabar ɗin. Tambaya ta fito a allo da Turanci: ko ya yarda a mayar da rubutun ya dace da manhajar wannan na'ura?

Wata takwas ya yi yana wannan aiki. Mahaifinsa, Malam Kalilu, ya rubuta tarihin gidansu da ajami tun idonsa na gani: wane malami ya karantar da wane, da garuruwan da suka yi zango kafin su sauka bakin gulbi. Sirajo mai buga takardu ne a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, yakan tsaya bayan an tashi ya mayar da rubutun boko. Darakta ya hana ajiye aikin gida a na'urar gwamnati, don haka komai na cikin disket ɗaya. Takardun asali kuwa babu su. Gara ta ci gefensu, kuma akwai ayoyi a ciki, saboda haka duk damin da aka gama bugawa, Malam kan sa a ƙone shi a binne tokar, kada ƙafa ta taka sunan Allah.

Jiya ƙanwarsa Laure ta aiko cewa jikin Malam ya yi nauyi, yana cigiyar littafinsa.

Sirajo ya tambayi Riskuwa wace manhaja ce a na'urarsa. Riskuwa, yana can yana gyara takarda a firinta, ya ce Casa'in da Biyar. Ta ofishinsu Sirajo Bakwai ce. Bai faɗa ba, don bai ga abin tambaya a nan ba. A ganinsa, mai lamba casa'in da biyar ba za ta kasa karanta abin da bakwai ta rubuta ba. Ya danna amincewa. Ya kuma danna ajiyewa, kamar yadda aka koya musu a kwas, don gudun ɗaukewar wuta.

Da ya danna bugawa, firinta ta yi ta kuka. Shafi sittin da biyu suka fito, babu harafi ko ɗaya, sai ƙananan akwatuna jere layi layi.

Da Riskuwa ya ji sunan manhajar ofis, sai ya dafe kai. Ya ce kamfanin manhajar ya fara da Uku, ya yi Huɗu, sannan ya koma sa suna da shekara, ya fitar da Casa'in da Biyar. Bayan shekara biyu ya sake ra'ayi, ya kira sabuwar Bakwai. Biyar da Shida ba a taɓa yin su ba. Akwai ma wata Bakwai ta Musamman, wadda ta girmi Bakwai ɗin kanta. Tsohuwa ba ta karanta sabuwa, kuma abin da aka ajiye ya riga ya danne na farko.

"Da ka hwaɗa min, Mallam," in ji shi. "Magana ɗaya ce."

Sirajo ya tattara shafukan, ya sa a ambulan.

A gida ya tarar da Malam kishingiɗe a kan buzu, Laure na yi masa fifita. Tsohon ya karɓi takardun, ya auna nauyinsu a hannu, ya shafa gefensu da yatsa. Ya yi hamdala, ya ce a karanta masa farko.

Sirajo ya riƙe shafi na ɗaya, ya karanto daga ka. Layi uku ya samu, sai ya tsaya. Malam ya ɗauka kuka ne ya shaƙe shi, ya yi murmushi, ya ɗora da kansa daga inda aka tsaya. Sirajo ya kife shafin a kan gwiwarsa, ya zaro biro, ya shiga rubutawa a bayansa. Laure ta leƙa ta ga akwatunan, ta dube shi, ta ci gaba da fifita.

Malamai biyar tsohon ya jero, kowa da garinsa. A na shida ya yi shiru, leɓɓansa na motsi.

"Wa ke bin Malam Hodi? Sunan ya ɓace min. Duba takarda, Sirajo."

Sirajo ya juya shafin, ya daɗe yana kallonsa.

"Ina dubawa, Baba," ya ce, sannan ya bar layi ɗaya babu rubutu.