Abin da Ke Cin Injin Tartsatsi

A zagaye na huɗu 'yar motar tserensa mai rimot ta sake yi masa halin nata. Ta fito daga kwana kamar an harbo ta, ta yi wani gurnani, ta fara jan ciki, sai ta tsaya cak a tsakiyar kwalta. Sauran motocin suka yi ta wuce ta fuu, fuu, har wata ta bangaje ta.

Mai walda, wanda 'yan tseren ke kira Tartsatsi, ya ajiye rimot ya tsallake tsofaffin tayoyin da aka kewaye filin da su. Yana ɗora yatsa a kan injin ya janye da sauri yana yarfe hannu.

"A kawo ƙwai ne mu soya?" in ji Baba Mai Agogo, tsohon da ke shugabantar ƙungiyar. Aka bushe da dariya. Da ta lafa, tsohon ya matso ya rage murya. "Sau biyu ke nan a jere, ɗana. Ka san dokar. In Asabar mai zuwa ba ka kai ƙarshe ba, sai layin 'yan koyo. Akwai masu jiran gurbinka."

Shekaru ya yi kafin ya shiga layin manya. Amma a hanyar gida ba kunyar ce ta fi cin sa ba, tambayar ce. Me ke cin injin nan? Wannan ne na biyu, sabo fil ya ɗaura shi. Motocin wasu har laka ke bushewa a jikinsu, suna gudu lafiya lau. Tasa kuwa kullum aka tashi sai ya kai ta shago, ya kakkaɓe ta da buroshi, ya goge ta da tsumma har tana ɗaukar ido.

Da batir ya fara. Ya kwantar da shi a kan gilashin tebur ya danna gefe, in ya kumbura zai yi rawa. Ko motsi bai yi ba. Da ma ba ya barin sa cike taf da caji, rabi yake ajiye shi a akwatin ƙarfe, nesa da rana. Ya aro batir ɗin wani ya gwada a tsakar gida: zafin dai na nan. Ya duba haƙoran giya, babu wanda ya karye. Ya juya tayoyi da hannu, sai ya ji wani ƙaras-ƙaras can ciki, kamar ana tauna yashi.

"Maman yara, ara mini farantin nan fari."

"Na baƙi? Baban yara, ka kiyaye ni."

Ta dai kawo. Ya kwance injin a kai, ya jera kusoshin, ya zaro sandar tsakiya mai maganaɗisu. Nan ya yi turus. Sandar ta yi gemu! Wani baƙin gashi ne cunkus ya tsaya mata tsaye-tsaye. Ya murza a yatsa, ya shinshina. Garin ƙarfe. Shi ke gogar bangon injin yana haɗa zafi, shi ya cinye boris ɗin da sandar ke juyawa a kai.

To daga ina?

Washegari da hantsi ya ɗaura sandar a zare ya tafi filin. Ya yi ta jan ta a kwalta, kwana bayan kwana, mai gadin wurin yana bin sa da kallo kamar zai kira masa 'yan uwa. Abin da ya kamo duka-duka ƙusa ɗaya ce da marfin kwalba. Filin ba shi da laifi. Zuciyarsa ta raya masa ko wani ne ke barbaɗa masa, sai ya tuna motar ba ta taɓa barin hannunsa ba.

Ya dawo ya tarar da matarsa tana wanki a tsakar gida, ta ware rigar aikinsa a wani bokiti daban.

"Ita wannan me ta yi aka kore ta?"

"Yau ka fara gani? Tun yaushe nake raba su. In na haɗa, kayan makarantar yara duk sai su yi ɗigon tsatsa. Kai fa ko gaisawa aka yi da kai sai an wanke hannu."

Ya tsaya yana kallon jan ruwan da ya kwanta a gindin bokitin. Sannan ya ruga ɗaki ya zazzage jakar motar. Ya goga sandar a jikin buroshin: gemu. A jikin tsumman: gemu. Buroshin da yake share teburin gurza ƙarfe da shi ne, shi ya ga ya yi laushi ya mayar na mota. Ya kai sandar kusa da farcensa, ƙananan baƙaƙen abubuwa suka yi tsalle suka manne. Ya kai girarsa, nan ma haka.

Matar ta riƙe ciki. "Wayyo Allah! Ashe ɓarawon a gida yake kwana!"

"Ke dai bari. Ni nake ciyar da shi da hannuna, ina cewa wanka nake masa."

Sabon inji ba zai iso kafin Asabar ba, dole a lallaɓa wannan. Ya yi wanka, ya yanke farce, ya sa rigar da ba ta taɓa ganin shago ba. Da salatif ya yi ta ɗebe garin ƙarfen, yana mannawa yana ɓarewa, har sandar ta fito tas. Ya canza boris, ya ɗiga musu mai kaɗan. Ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi. Sai dai da ya juya sandar ya ji ƙarfin jan ta ya ragu. Zafin baya ya riga ya ci rabonsa.

Ranar Asabar matar ce ta riƙo motar a cikin jakar ledarta. Bayan gwaji ƙura ta lulluɓe ta, hannunsa ya tafi aljihu da kansa yana neman tsumma. Matar ta buge hannun.

"Lafiya, Tartsatsi?" in ji Baba Mai Agogo. "Yau amaryar taka ba kwalliya?"

"Ta gaji da hoda, Baba."

Aka busa usur. Motocin suka ɓalle gaba ɗaya, tasa a tsakiya. A miƙaƙƙen layi suna tsere mata, a kwana tana cin su. Zagaye na huɗu ya zo, ya kasa kunne. Ba gurnani. Ta wuce. Can gaba wata shuɗiya ta sha gabansa, yatsansa ya yi ƙaiƙayin matse rimot har ƙarshe. Ya cije leɓe ya bar ta ta tafi. Wata ma ta wuce, ya bar ta.

Shi ne na biyun ƙarshe da ya tsallake layi.

Baba Mai Agogo ya riga shi isa. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗora bayan yatsa a kan injin, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ɗumi kawai," ya ce. "Gurbinka na nan. Amma wannan tafiyar, ko ni da sandata sai na ba ka rata."

Tartsatsi bai ma ji shi ba. Ya riga ya kifa motar a cinyarsa yana duba tayar baya ta hagu, wadda ta fi 'yar uwarta sulɓi, yana ta juya ta da yatsa.